Mutum Ashirin da Injin Gurza Rogo

Har yau ban manta da ranar da aka tura ni wani ƙauye kusa da Panda ba. Lokacin ina mataimakin jami'in ƙungiyoyin gama kai a ofishinmu na Keffi. Shugabana ya ce wasu manoman rogo na son rajista, in je in duba su.

Bari in fara yi muku bayanin doka, don wasunku sababbi ne a wannan aiki namu na jami'an gama kai. Manoma na iya haɗa gwiwa a matsayin abokan kasuwanci, amma kada su wuce ashirin. In sun wuce, sai su zama kamfani ko ƙungiyar gama kai. Ita gama kai ba ta da iyaka a sama, amma sai an kai mutum goma, kuma kowa ƙuri'arsa ɗaya, komai girman gonarsa.

Na tarar da su a rumfar da suka ajiye injin gurza rogon da suka haɗu suka saya. Su ashirin da tara ne, tara mata. Shugabansu Oga Bitrus, wanda ya yi ritaya daga Abuja ya dawo gida noma, shi kaɗai ne a kan kujera mai hannu.

Ko gaisuwa ba mu gama ba ya miƙe ya ce, "'Yan'uwa, doka ta ce kada mu wuce ashirin. Ba laifina ba ne. Mata za su haƙura, tunda mazansu na ciki. In suna son injin, sai su nemi izini."

Matan nan su ne masu ɓare rogon, su matse, su soya gari, kuma da guminsu a cikin injin.

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai gama kai, za ta ɗauke ku duka."

Ya yi murmushi. "Na sani, Ofisa. Wato ni da mai kunya biyar ta rogo ƙuri'armu ɗaya? Ba mu zaɓi wannan ba. Ko ba haka ba, jama'a?"

Mazan suka tafa masa. Manya da furfura, ana cire matansu daga dukiyarsu suna tafi kamar an raba musu taki kyauta. Jami'i ba ya zaɓar wa mutane tsari, don haka na ciro takardar rajista daga jakata.

Sai wata dattijuwa, Mama Saratu, ta ɗaga hannu. "Ɗana, waccan ɗin da ka ce, mutum nawa take so?"

Na ce goma.

Ta dubi 'yan'uwanta mata, su tara har da ita, saura mutum ɗaya, sannan ta juya wajen maza. "Baban Ladi, taso."

Mijinta ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa.

"Da kai nake, Baban Ladi. In kuwa zaman ya yi maka daɗi, daga yau a gidan Oga za ka riƙa cin tuwo. Shi zai soya maka garin ma."

Aka fashe da dariya. Oga Bitrus ya daka tsawa: "Zauna, Yohanna! Mace ce za ta ja ka da igiya?"

Yohanna ya ce, "Oga, kai matarka na Abuja." Ya ɗauki bencinsa ya koma wajen mata.

Daga nan sai mazan sauran matan suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kakkaɓe wando kamar dama tashi zai yi. Da waɗanda suka rage suka ga inda masu suya suka taru, su ma suka sulale zuwa can. Kafin in rufe jakata, an yarda injin zai shiga sunan ƙungiyar gama kai, da sunan kowa, mazan suka tafa wa Mama Saratu. Oga Bitrus ya ce shi ba zai shiga layi ɗaya da masu ɓare rogo ba. Ya sa aka ɗaukar masa kujerarsa.

Ga abin da nake so ku riƙe. In mutum ya tare ku da "doka ta ce", ku tambaye shi me kuma ta ce bayan wannan, don yawanci ya sani. Kada kuma tafin maza ya ruɗe ku. Waɗanda suka tafa wa Oga Bitrus da hantsi su ne suka tafa wa Mama Saratu kafin azahar, kuma da ƙarfi ɗaya.