Fastar Cigiyar da Aka Ɗauka Tallar Fim Ce

Wata rana na shiga wani shagon buga fasta a Fagge, zan karɓi katin ɗaurin auren ƙanena. Mai shagon, Sadisu, ya shekara goma sha huɗu yana haɗa fastar finafinan ban tsoro.

Ni da shegen surutu, na ce ya faɗa mini sirrin sana'ar.

Ya ce babu wani sirri. Ka baƙanta bayan hoton. Ka bar rabin fuska cikin duhu. Ka ƙara wa ido fari. Suna kuma da jan rubutu, manya-manyan haruffa. Sauran bayani ka tura shi can ƙasa, ƙanana, don ba mai karantawa.

Sai na lura babu irin fastar ko ɗaya a bangonsa. Da na tambaya, sai ya ba ni labari.

Ashe bara wata mata mai suna Uwani ta zo masa hankali a tashe. Mahaifinta, Malam Mamuda, tsufa ya taɓa masa tunani. Ya fita sallar La'asar bai dawo ba. Fastar cigiya take so, guda ɗari biyu.

Hoton da ta kawo ya dushe. Sadisu ya zauna gyara shi, yana so ya ja idon duk mai wucewa.

Hannu ya bi abin da ya saba.

Ya baƙanta bayan hoton. Inuwa ta rufe rabin fuskar dattijon. Ya rubuta YA ƁATA da ja, ɓaro-ɓaro. Lambar wayar Uwani ta koma can ƙasa, inda ake jera sunayen 'yan wasa.

Ita kuwa idonta cike da hawaye, ba ta tsaya dubawa ba. Ta bi tasha-tasha tana mannawa.

Kwana tara, ko mutum ɗaya bai kira ba.

Ran na goma aka kai ta wani asibiti. A ɗakin ajiye gawa ta same shi.

Daga can ta wuce tashar da aka tsince shi. Ga fastar nan manne a jikin rumfar wani mai shayi.

Ta ce, "Malam, ba ka taɓa ganin wannan dattijon ba?"

Ya ƙura wa hoton ido, sai ya gane shi.

"Hajiya, kwana huɗu yana zama a kan bencin nan, ina ba shi shayi. Wallahi ban taɓa tsayawa na duba takardar ba. Na ɗauka sabon fim ne zai fito."

Uwani ba ta zagi Sadisu ba. Ta dai ɓalle fastar, ta kawo masa, ta ajiye a kan teburinsa, ta fita.

Sadisu ya jawo durowa ya nuna mini fastar. Ni kaina, da na san labarin, sai da na yi lalube kafin na ga lambar wayar. Har yau abin yana ci mini rai.

Darasi: Gwaninta ba ta isa ba idan ba ka tsaya ka dubi wanda ke gabanka ba. Kafin hannunka ya yi abin da ya saba, ka tambayi kanka: wannan aikin na waye, kuma me zai rasa idan na kuskure?

Ku tura wa duk mai sana'ar hannu da kuka sani. Ku kuma riƙa tsayawa kuna karanta abin da aka manna a bango. Wataƙila mahaifin wani ne.