Wilin Keken da Maigidana Ya Bari a Zaure

Da azumin bana maigidana ya cika shekara goma sha biyar a kabari. Ba zan faɗi sunansa ba, don ban taɓa faɗa yana raye ba, balle yanzu a jarida. Mutanen Gyaɗi-Gyaɗi na da sun san shi da Malam Na-Waya. Akawu ne a ofishin gwamnati, amma daga an tashi aiki sai zaure, inda yake fama da wani abu da ni dai na kira shi ɓata lokaci, shi kuma yake ce masa injin.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ya fara. Kowa na murna, ana cewa wutar lantarki za ta zauna daram kafin shekara ta zagayo. Shi ko ya kalli kwan fitilarmu da ya kwana biyu bai kama ba, ya ce gara mutum ya nemi tasa. Ya samo wilin keke ya kafa a kan katako, ya fasa tsofaffin lasifiku ya ciro maganaɗisunsu ya jera a bakin wilin. A ƙasa ya ɗaura kwayil, wato wayar jan ƙarfe da ya naɗe a jikin guntun fayif har ta kai kaurin damtse. Idan ya haɗa batirin babur ya tura wilin da hannu, duk maganaɗisun da ya zo wucewa sai kwayil ɗin ya ba shi ɗan naushi, wilin ya ci gaba da juyawa yana ƙas-ƙas-ƙas. Burinsa wai injin ya riƙa mayar wa batirin abin da ya ci, har a samu rarar da za ta kunna mana fitila.

Maƙwabcinmu Malam Ishaya, mutumin kudancin Kaduna mai koyar da kimiyya, ya sha gaya masa gaskiya. "Malam, ba za ka fitar da abin da ya fi wanda ka zuba ba." Sai maigidan ya yi dariya ya ce, "Na ji, Malam Ishaya. Riƙe min wayar nan tukuna." Kuma wallahi sai ya riƙe. Haka suka yi shekaru, ɗaya na musu, ɗaya na naɗi. Fitila dai ba mu samu ba, da aci-balbal na yi ta dafa tuwo kamar kowa.

Da ya rasu aka zo rabon gado, 'yan'uwansa suka ce a kira mai sayen gwangwan ya auna tarkacen zaure. Na aika daga ɗakin takaba cewa a sa injin a cikin tumunina. Aka yi ta mamaki, har wata ta ce baƙin ciki ya taɓa ni. Ni kaina ban san me zan yi da shi ba. Kawai dai na kasa jin an ce za a sa masa guduma.

Yanzu in na ga rufin gidajen unguwa cike da faifan sola, nakan tambayi kaina me zai ce. Ina jin da farko zai taɓe baki, ya ce na saye ne ba na haɗi ba, daga baya kuma a same shi a kan tsani yana leƙen bayan faifan. Jikokina sun nuna min a waya wasu mutane a ƙasashen nesa suna juya irin wilinsa sak. Na ce ashe ba shi kaɗai ba ne, Allah sarki, ya mutu bai sani ba. Wutar da aka yi mana alkawari kuwa, gwamnati nawa aka yi tun lokacin, har yau in an kawo sai yara sun yi ihu. Na gaji da wannan zance, na gaji da jin sa a bakin masu neman ƙuri'a.

Bana magada suka sayar da gidan, za a rushe a yi shaguna. Babban ɗana ya ware min ɗaki a gidansa na Tarauni, ɗaki ɗaya, gado da akwati sun cinye shi. Na aika wa Malam Ishaya ko zai karɓi injin, aka ce ya yi ritaya ya koma garinsu. Na tambayi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai. Ban ga laifinsu ba, wilin ya yi tsatsa, ba mai iya tayar da shi.

To, na kira mai gwangwan da bakina. Ya zo da sikelinsa, ya ɗaga kwayil ɗin ya ce, "Hajiya, jan ƙarfen kawai nake so. Bari in cinna masa wuta, sauran ya ƙone." Na ce ba a gabana ba. Na zauna a dandamalin zaure na kamo bakin wayar na fara warwarewa, shi kuma yana tsaye yana duban rana.

Da na ƙare layin farko sai ga ƙyalle a naɗe a ƙasansa. Ashe tsakanin kowane layi da layi yakan sa wani abu don kada wayoyin su gogi juna. Na duba da kyau, shuɗiyar atamfa ce mai zanen ganye. Ɗankwalina ne na sunan autarmu, wanda na birkita gida ina nema, na yi mako ina mita, shi kuwa yana zaune yana taya ni jajen ɓata. Layi na gaba gefen wani zanena ne. Na gaba hannun rigar makarantar babban ɗana. Kai, mutumin nan! Na yi dariya ni kaɗai har hawaye suka kece min, mai gwangwan ya juya baya don kunya.

Injin bai ba mu wuta ba, kuma yanzu babu shi, ni na warware shi da hannuna. Mai gwangwan ya auna wayarsa ya ɗaure a bayan keke ya tafi. Ni kuma na tattara ƙyallayen na wanke na shanya, su kaɗai ne cikin kayan zauren za su samu wuri a ɗakina na Tarauni.