Baba Ɗantani Yana Zuba Roba

Ina jiran a ɗinke min takalmi a bakin wani lungu na Ƙofar Wambai, idona na kan wani dattijo da ke zaune bisa tsohuwar taya. Gajere ne, gemunsa fari, tabaraunsa ɗaure da zare. A gabansa akwai injin sit, ƙarfen nan da injin mota ke zama a kai. Ya ƙwaƙule ruɓaɓɓiyar robar ciki, ya toshe ƙasan da salatif. Yanzu ruwan roba iri biyu yake haɗawa a gwangwanin madara, yana juyawa a hankali kada kumfa ya shiga, robar ta zo ta tsage a hanya.

Irin wannan juyi ba a gareji ake koyonsa ba. Na tabbata ɗan marina ne, hannunsa ya san shuni kafin ya san baƙin mai.

Sai ga mai motar da ake yi wa gyaran ya iso cikin farar shadda. "Salamu alaikum, Baba Ɗantani." Dattijon ya ci gaba da aikinsa. Mai motar ya maimaita, ya ƙara da ina wuni. Dattijon ko ɗagowa bai yi ba, yana tsiyaya robar siririya kamar zuma. Mai motar ya tsuke fuska, ya juya zai tafi.

Sai da ƙarfen ya cika dattijon ya ajiye gwangwanin.

"Wa'alaikumus salam, Alhaji. Lafiya lau, ya iyali? Yi haƙuri. Gaisuwarka ba ta daskarewa, wannan kuwa daskarewa take yi."