Ustaz Muzammil da Ruwan Gonar Yalwa

Kullum bayan sallar asuba, kafin ma ya sha shayi, Ustaz Muzammil zai hau kan ɗaki ya goge farantin sola. Sannan ya zauna bakin gado da tsohuwar kwamfutarsa a cinya, yana rubutu har lokacin tafiya sakandaren da yake koyarwa a ƙauyenmu, kusa da Abu Na'ama.

Mutane sun ɗauka wasiƙu yake rubutawa. A'a. Akwai wata manhaja, kompaila, mai yin tafinta tsakanin kwamfuta da masu rubuta mata umarni. 'Yan sa kai ne daga ƙasashe suke kula da ita. Kowa yana son ƙara mata sabon umarni, amma rubuta bayanin yadda umarnin ke aiki, ba mai so. Wannan Ustaz ya ɗauka, shekara goma sha ɗaya, kuma babu sunansa ko a shafi ɗaya.

Bara ya kama wani umarni na bincike: ka ba shi jerin lambobi, ka ce ya nemo maka arba'in da bakwai, sai ya gaya maka gurbin da take. Sati uku yana gwada shi, don ya rubuta bayaninsa na layi biyar. Matarsa Ibtisam ta ce, "Ustaz, layi biyar ɗin ne har yau? Lokacin neman aurena ba ka yi wannan naci ba."

Ya ce, "Ban gama ganin abin da yake yi in lambar ta zo sau biyu ba."

To, tun da yaƙi ya sa mai ya yi wuya, famfon ƙungiyar manoma daga safe zuwa azahar kawai yake aiki, ruwa kuma bi da bi. Wata manhaja ce take fitar da sunan wanda za a buɗe wa, kuma injiniyan da ya rubuta ta ya bar ƙasar. Mu kuwa a nan, in mai hawasha, wato gonar noman ruwa, ya rasu, ba a sauya lambar gonar. Magada su raba, a rubuta kowannensu da lambar uban, don kada tsoho ya fita daga littafi.

Haka aka yi wa Hamid da yayarsa Yalwa. Amma duk ranar da layi ya zo kansu, sunan Hamid ne ke fitowa. Kwana goma sha shida dawar Yalwa ba ta ga ruwa ba, ga ta ta fara fitar da kai, ganye duk ya nannaɗe. 'Ya'ya huɗu take ciyarwa da ita.

Ranar Talata da hantsi ta tsaya bakin tur'a, babbar hanyar ruwan, da fartanya a hannu, ga Hamid a wurin.

"Hamid, me ka gaya musu suka goge sunana?"

"Wallahi Yaya, ban san komai ba."

"Ba ka sani ba, amma taka ta yi shar!"

Mai gadin ruwa ya ce, "Ya Hajja, in kika fasa bakin nan ba layinki ba, kalas, shi ke nan, kwamitin ƙungiya zai yanke miki ruwa har kaka."

"In ban fasa ba fa, me zan girba?"

Ta ɗaga fartanyar. A daidai nan Ustaz ya sauko daga kekensa. Bai ba kowa haƙuri ba. Ya karɓi takardar mai gadi, ya duba, ya ce, "Lambarku ɗaya ce?" Suka ce ta Baba ce. Ya ce, "Yalwa, ki ba ni awa ɗaya. Ki riƙe fartanyarki, kada dai ki sauke ta a kan ƙasar nan."

A ofishin ƙungiyar, sakatare ya tare kwamfutar da jikinsa. "Injiniya ya ce kada a taɓa."

"Ba zan goge komai ba, ya zol, ɗan'uwa. Umarnin binciken da ya yi amfani da shi, shi na yi sati uku ina gwadawa: in ya ga lamba ta farko sai ya tsaya, ba ya duba ta biyu. Bari in ce masa ya faro daga ƙasan jerin, ka gani da idonka."

Da yake idanunsa sun yi rauni, sai da ya kai fuska dab da gilashin. Ya buga. Sunan Yalwa ya fito. Da suka bi jerin, gidaje shida aka samu a irin halinta, duk magada, duk sun yi shiru suna zargin 'yan'uwansu.

Saura minti arba'in a kashe famfo shugaban kwamiti ya ba da izini. Hamid ne ya karɓi fartanyar daga hannun yayarsa ya buɗe mata ruwan. Gefen gabas na gonar ya riga ya ƙone, amma sauran ya tashi.

Ƙarshen watan nan Ustaz zai bar koyarwa saboda idanun. Ustaz, kai ne ka zauna wa aikin da masu ilimi suka tsallake, ka ƙi rubuta layi ɗaya sai ka gwada shi. Mun gode, Allah ya ƙara wa idanunka haske. Ku kuma da kuka iya wani abu, na kwamfuta ne ko na famfo, ku zauna ku rubuta yadda yake aiki da inda yake tsayawa. Gidan Yalwa daga dawar nan suke tuƙa tuwo har yau.