Injin Baba a Kan Tsani

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar Kano, ni da bakanikenmu, ko barci bai gama sakinmu ba. Injin akori-kurata ya buga, ga tumatir ya nuna jajir a gona, in babu motar kai shi kasuwa a nan zai ruɓe. Dabara ɗaya ta rage: tsohuwar motar marigayi Baba da ke kangonmu na Mandawari irin tawa ce sak, mu je mu ciro injinta.

Ramukan hanya sun jijjiga mu son ransu. A Ƙofar Mazugal muka karya da koko da ƙosai, ƙosan birni kuwa yanzu loma ɗaya ne.

Motar tana inda Baba ya bar ta, tayoyi sun nutse a ƙasa, kaji sun mai da ita gida. Maƙwabta sun yi gini har lungun ya tsuke, ba ta da hanyar fita. Muka gicciya azara a kan katanga, muka rataya sarƙa. Kowane noti sai an yi dambe da shi.

"Alhaji, wannan tsatsar ta girme ni," in ji bakaniken.

Sai la'asar injin ya taso yana lilo, mu kuma ƙugu ya riƙe, baƙin mai har gira. Kwata ta hana baro wucewa, don haka 'yan dako suka ɗaure shi a kan tsani, suka lulluɓe da tabarma kada ya ɓata wa mutane riga, suka saɓa a kafaɗa.

Muna zuwa ƙofar masallaci dattawa suka miƙe suna salati.

"Wa aka rasa?"

"Ba kowa, inji ne," na ce.

Aka yi dariya, ban da wani tsoho.

"Na motar Malam? Ita ta kai mai ɗakina asibiti. Ku je, ina biye."

Har bakin titi ya raka mu yana dogara sanda. Ta wannan lungun muka fitar da gawar Baba, a kafaɗa, ranar da ya rasu.

Mun koma gida a galabaice. Kafin a gama ɗaura injin, wani tumatirin ya riga ya lalace, amma mun tsira da mafi yawa. Na tafi ɗauko ƙarfe ne kawai, ban san akwai sauran masu bin Baba da alheri ba.

Da injin ya yi tari ya tashi, Inna, mahaifiyata, ta fito ko takalmi babu. Ta daɗe tana saurare.

"Kada ka kashe tukuna," ta ce.