Hular Mista Haskew

A ofishin sabunta lasisin tuƙi na garinmu, nan yammacin Texas, wani tsoho ne a gabana cikin layi, yana rungume da jita kamar jariri. Baƙar hular makiyaya ce a kansa, gashi fari fat ya zubo masa har kafaɗa, yatsunsa duk zanen fata irin na 'yan gidan yari. Ban san shi ba, amma da ya yi magana na gane: wannan muryar da taba da giya suka gama cinyewa ta mawaƙan nan ce da suka zagi kamfanonin faifai har rediyo ya daina sa su. Ina jin mata huɗu ya saka, kowacce da waƙarta.

"Mista Haskew, a cire hula, za a ɗauki hoto," in ji ma'aikaciyar.

"'Yar nan, alƙalai uku ban cire musu ba. Kuma ina da wasa ran Asabar, mil ɗari biyu daga nan."

"To, Baba, sai ka fara takawa tun yau."

Ya waiwayo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗaga hular da hannu biyu. Gashin ya bi ta. Ashe ɗinke yake a jikinta! Kan nan sumul kamar ƙwai.

 Ma'aikaciyar ta ɗauki hoton, ta ce ƙasa-ƙasa, "Da waƙarka muka binne babana."

Ya mayar da hula, ya gyara gashi. "Wacce?"

"Wadda ka zagi hukuma."

"Allah ya jiƙansa," in ji shi. "Mutumin kirki ne."