Kawu Sabi'u da Matar da Ake Kira Cherry

Duk wanda ya zauna da Kawu Sabi'u a Dubai ya san tambayarsa tun kafin gaisuwa ta ƙare: "Sunan yanka?" Wan mahaifiyata ne, a hannunsa aka damƙa ni da na zo karatu. Ni da ƙawata Zainab tsoronsa muke ji kamar me. In ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur, sai mutum ya fara salati.

'Yan China ya fi takura wa, don kowannensu da sunan Turancin da ya raɗa wa kansa. Wani mai sayar da fitilu ya ce masa sunansa Tiger. Kawu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Damisa? Mahaifiyarka ta san da wannan?" Ya fasa cinikin.

Shekara shida da rasuwar matarsa, burodi da shayi kawai yake ci. Mu kuma mun san wata Cherry, 'yar China Musulma mai sayar da mayafai a Al Warsan, ita ma mijinta ya rasu. Zainab ce ta kawo shawarar mu haɗa su aure. Muka yi dambun nama muka kai mata, muka ce daga Kawu. Sau uku muna yi.

Ranar wata Juma'a ya kira mu shagonsa na Al Buteen. Muna shiga muka ga Cherry zaune da kwanon dambunmu, ta zo godiya. Tabarau na kan tebur.

"Hauwa'u, fasfo ɗinki yana ina?"

"Yana gida, Kawu."

"Jirgin Kano bai daina tashi ba, ko?"

Na ga karatuna ya ƙare, na ga fuskar mahaifiyata. Zainab ta fara kuka ba sauti. Ya buɗe kwanon a hankali, ya ɗanɗana, ya daɗe yana tauna.

"Da sunana kuka aika wannan? Gishiri ya yi yawa. Kun zubar mini da mutunci. Gobe ku sake wani."

Sannan ya juya ya yi wa Cherry tambayarsa da gurgun Larabci. Ta ce Cherry na masu ciniki ne, limamin garinsu ya sa mata Amina, iyayenta kuma Lanying suke kira.

"Uku?" ya ce. "Wanne mahaifiyarki ke kira in ranta ya ɓaci?"

Ta ce Lanying. Mako guda yana bitar sunan a shago, yana korar duk wanda ya yi dariya.

Wata biyar da ɗaura aurensu korona ta shigo. Tari ya kama shi, motar asibiti ta ɗauke shi, aka hana kowa shiga. Kwana tara, duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Kullum Anti Lanying na tsaye a bakin asibitin da kwanon miya, masu gadi na mayar da ita. A na goma, da hantsi, aka kira aka ce ya rasu. Ni na faɗa mata, don ni ce kusa.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa. Ita kuma da ya bari a garin da ba nata ba, Allah Ya ba ta haƙuri.